Tsofaffin Kuɗin da Muka Gada: A Tambaya Kafin a Sayar

Jama'a masu saurare, mutanen Dumega da ƙauyukanta, na Tibiri, Kore Mairuwa da Gesheme, na Dogon Dutsi har Matankari, da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka wajen Kangiwa da Bachaka waɗanda muryarmu ke kai wa gare su. 

Sharhinmu na yau a kan tsofaffin kuɗi ne, irin waɗanda ake tararwa idan tsoho ko tsohuwa ta riga mu gidan gaskiya, aka buɗe adudu ko akwatin ƙarfe domin rabon gado, sai a ga ɗan ƙullin tsumma can ƙarƙashin zannuwa. A kwance shi, a ga kwabo mai huji, da anini, da sule biyu ko uku da suka yi baƙi, da wata 'yar tamma marar nauyi mai kan barewa, wani lokaci har da wuri, wani lokaci kuma, in gidan ya taɓa ganin wadata, da babbar dala ta azurfa. Magada su jujjuya su, wani ya ce ai waɗannan ba sa sayen ko goro, a tura wa yara. Kafin damina ta zagayo, rabi sun shige rairayin tsakar gida, na azurfar sun tafi maƙera, sauran wani dillali ya kwashe su ran kasuwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan asara ce, kuma ana yin ta a gidajenmu kowace shekara ba tare da kowa ya ji zafinta ba.

Zan faɗa muku gaskiya tun da fari, don kada wani ya kashe rediyo ya ruga yana lissafin babur. Mafi yawan waɗannan kuɗi ba za su sa kowa ya yi arziki ba. An buga su miliyoyi, suna nan jibge a hannun masu tara irinsu a duniya, kuma da arha ake sayar da su. Amma kowane ɗaya yana ɗauke da shekara a jikinsa, kuma akwai wanda ya kawo shi gidan. In aka haɗa shekarar da sunan mutumin da dalilin tafiyarsa, an sami tarihin gida wanda babu shi a kowane littafi. Mu kuwa a nan ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, kaɗan ne daga cikin kakanninmu suka bar takardar haihuwa ko hoto. Ga mutane da yawa, wannan kwabon shi ne kaɗai abin da ya rage mai kwanan wata daga rayuwar kakansu.

Kuma gidajenmu sun fi na wurare da dama dacewa da wannan aiki, saboda inda Allah ya ajiye mu. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta zana wa Ingilishi da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, ƙasar Arewa ta faɗa ciki. Aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara layin, sannan tawagar Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Aka wayi gari dangi ɗaya, wasu suna biyan lanho da tamma, wasu suna biyan haraji da sule. Kasuwa dai ba ta rabu ba, aure bai tsaya ba, cin rani bai fasa ba. Shi ya sa a ƙulli guda za ka tarar da kuɗin sarakunan Turai biyu suna kwance tare.

Kafin su duka, wuri ne kuɗinmu. Lokacin da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a watan Afrilu na 1899, da wuri ake ciniki a kasuwannin wannan yanki. Daga nesa yake zuwa, daga tsibiran Maldibs a tekun Indiya, daga baya kuma daga gaɓar Zanzibar. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana canza dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500, kuma keso guda wuri 20,000 ne. Da Nasara suka kafu suka ce ba su karɓar haraji sai da kuɗinsu, wuri ya fita daga kasuwa ya koma jikin kayan ado, kayan 'yan kokowa da na 'yan bori, da hannun masu duba. In kun same shi a ƙullin gado, ku duba bayansa. Wanda aka fasa wa baya an yi haka ne don a shiga da zare, kuma yawanci za ku ga ya yi sumul saboda yawan hannun da ya ratsa.

To, bari mu daɗe a kan azurfa, domin nan ne ake yi wa mutane wayo, nan ne kuma mutane ke yaudarar kansu.

Akwai babbar dala mai hoton wata mace mai jiki, da lulluɓi a kanta, a bayanta kuma tsuntsu mai kai biyu. Tsofaffi na ce mata liyari. Matar sunanta Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya. In ka duba bayan kuɗin za ka ga 1780. Duk wanda ya ga wannan lamba sai gabansa ya faɗi, ya ce ya gaji abin da ya haura shekara 240. Jama'a, a yi hankali. A 1780 ne sarauniyar ta rasu, kuma saboda fatake daga ƙasar Larabawa zuwa Habasha zuwa Borno da ƙasar Hausa sun amince da kuɗin yadda yake, ba sa son a canza masa komai, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗin dai, ƙarni bayan ƙarni. An buga shi a Biyana, an buga shi a Landan, Paris, Rum, Burasal, har Bombai ta Indiya a zamanin yaƙin duniya na biyu, kuma har gobe ana buga shi a Ostiriya, duk da 1780 a jiki. Saboda haka liyarin kakarka yana iya zama na zamanin Shehu Usmanu, yana kuma iya zama sa'an mahaifinka. Sai gwani mai kallon ƙananan alamu ne ke iya bambancewa. Abin da kai za ka iya tabbatarwa shi ne nauyi. Liyari na gaske giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kuma azurfa tsantsa a cikinsa ta kai giram 23. A gefensa akwai rubutu da ado masu tudu, yatsa na jin su.

'Yar uwarta ita ce dalar Faransa, wato tamma biyar ta azurfa. Wata da kan Louis-Philippe, wata da kan Napoleon na Uku mai gemu da gashin baki, wata kuma da wani ƙato a tsaye tsakanin mata biyu. Nauyinta giram 25, kashi tara cikin goma azurfa ne, wato giram 22 da rabi. Ita shekarar jikinta gaskiya ce, kuma Faransa ta daina buga irin wannan babbar a 1878, tun kafin sojanta ya taka ƙasar nan. A jikinta kuma akwai ƙaramin harafi: A na nufin Paris aka buga ta, K kuma Bordo. Saboda wannan kuɗi ne har yau muke lissafi biyar-biyar, ƙarfe ya ce 25 mu ce dala biyar, ya ce 100 mu ce dala ashirin.

Ina waɗannan daloli suka tafi, tunda an shigo da su da yawa? Mafi yawansu wuta ta cinye. Wanda ya taɓa zama a rumfar maƙerin fari ya san yadda abin yake. Zai karɓi dalar, ya ɗora ta a kan ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa ta da wata, ya saurari ƙarar, domin azurfa na da dogon amo mai zaƙi, jabu kuwa ƙararsa gajere ce. Ya sa ta a ma'auni. In an daidaita, ya datsa ta gida huɗu, ya zuba a ɗan kaskon yumɓu, ya tura cikin gawayi, yaro na zuga zugazugi. Ba a jima ba fuskar sarauniya ta lanƙwashe, tsuntsun ya ɓace, 1780 ta zama ruwa mai sheƙi. Da la'asar an mayar da ita zobe da 'yan kunne. Ban ga laifin maƙeri ba, sana'arsa ke nan ta gado, kuma da irin wannan azurfa ce maƙeran Abzin suka daɗe suna ƙera ƙirar Agadas da duniya ke yabo. Amma azurfar ƙira ana iya sayenta ko'ina. Dalar da aka kawo cikin kayan auren kakarka guda ɗaya ce, in ta narke ba mai dawo da ita.

Yanzu ku ɗauko kwabo mai huji, in yana kusa, mu dube shi tare. Babu kan sarki a jikinsa. A fuska ɗaya akwai kambun sarauta a bisa hujin, sunan sarkin Ingila ya zagaye baki, a ƙarƙashin hujin kuma akwai rubutun Larabci mai faɗin ƙimar kuɗin, domin Turawa sun san da wane rubutu mutanen ƙasar nan ke karatu. Juya shi. Za ka ga tauraro mai tsini shida, wanda ake kira hatimin Annabi Sulaimanu, da shekara a ƙasa. In idonka na da kyau, ko ka ara tabaran tsoho, wataƙila ka hangi ɗan harafi H ko KN. Waɗannan alamun masana'antu biyu ne na birnin Bamingam da suka buga shi. Hujin kuwa don a tsira shi a zare ne, yadda aka saba yi da wuri, tunda rigunan lokacin ba kowacce ke da aljihu ba.

An fara buga waɗannan a 1907: kwabo, da anini wanda goma ke yin kwabo ɗaya, daga baya aka ƙara ɗari, wato rabin kwabo. Aninin farko na 1907 da 1908 da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya, amma bai jure ba, ya riƙa cin kansa, aka koma wani ƙarfen. Wanda ya sami irin wannan da lafiyarsa, ya riƙe shi da kyau. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ɗaya ta ƙasashen Ingilishi na Afirka ta Yamma, a 1913 ta fito da taro, sisi, sule da fataka na azurfa, sule da fataka ɗauke da hoton bishiyar kwakwar manja. Daga 1920 aka bar azurfa aka koma wani ƙarfe mai ruwan rawaya. Ke nan sulen da shekararsa ta gaza 1920 na azurfa ne, ko da ya yi baƙi ƙirin. Ku riƙe wannan, don dillali ya san shi sarai.

Akwai kuma kwabon 1936 mai sunan Edward na Takwas, sarkin da ya hau a watan Janairu ya sauka a Disamba na wannan shekara saboda matar da ya nace sai ya aura. A Ingila kanta ba a fitar da kuɗi da sunansa cikin kasuwa ba, amma a Afirka ta Yamma an fitar, kuma ya iso har kasuwanninmu. Labari ne mai daɗi, ya isa a ba yara, sai dai shi ma an buga shi da yawa, kada wani ya ce maka kuɗin gida ne.

Abin da ya sa wannan kwabo ke da muhimmanci a gare mu shi ne, a wancan zamani kuɗi ɗaya ne ake kashewa a Najeriya, Gwalkwas wadda ta zama Gana, Saliyo da Gambiya. Don haka kwabon da ke gidanku yana iya zama canjin gujiya ko gishirin Foga da aka kai Argungu, yana iya zama kuma guzurin da wani saurayi ya dawo da shi daga Kumasi bayan ya yi shekaru yana dako. Yana iya zama na waɗanda suka tsallaka ƙasar Ingilishi suna gudun lanho da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946, ko suna gudun yunwar 1931 da fara ta haddasa. Ƙarfen ba zai faɗa maka wanne ne ba. Tsohuwar da ke zaune a ɗakin baya ita ta sani.

Na ga yadda wata dattijuwa ta yi da jikanta ya kawo mata irin wannan. Ido ya riga ya yi rauni, sai ta karɓa ta shafa da babban yatsa, ta lalubo hujin, ta yi shiru. Can ta ce: wannan na wan kakanku ne, wanda ya tafi Gwanja bai dawo ba, ya aiko da shi ta hannun wani mai goro, tare da turmin zane, shekarar da aka yi mini aure. Yaron bai taɓa jin cewa kakansa na da wa ba.

Kuɗin ɓangaren Faransa ba sai na daɗe a kansu ba, tunda jikokinsu na aljihunmu. An ƙirƙiro sefa ran 26 ga Disamba 1945. A 1948 aka fito da tamma ɗaya da tamma biyu na alminiyam, fuska ɗaya mace da jiragen ruwa a bayanta, ɗaya fuskar kan barewa mai dogayen ƙaho. A 1956 da 1957 aka ƙara masu ruwan rawaya, wasu ma da sunan Togo a jiki. Daga nan Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma, BCEAO, ya karɓa da alamarsa ta kifi mai zarto, wadda aka ɗauko daga awon zinariya na mutanen Akan. Dala ashirin ta fito a 1967, dala goma a 1972, dala hamsin mai launi biyu a 1992, dala arba'in da dala ɗari a 2003. A can Najeriya kuma sun buga nasu na kansu a 1959, taro mai kusurwa 12 da auduga, fataka da gyaɗa, kafin naira da kwabo su zo ran 1 ga Janairu 1973.

Wani lokaci za a tarar da baƙon ƙarfe da ba na nan ba ne, ba na can ba. Mai kan Kwame Nkrumah na 1958 daga Gana yake, kuma da dama sun dawo da irinsa a 1969 sa'ad da gwamnatin Busia ta kori baƙi. Mai rubutun Faransanci da sunan Indocin ko Aljeriya, a tambaya ko gidan ya yi tsohon soja. Mai rubutun Larabci zalla da takubba biyu da dabino, riyal ne na Sarki Abdul'aziz, kuma shekarar jikinsa ta Hijira ce da lambobin Larabci: 1354 ta yi daidai da 1935 zuwa 1936, 1370 kuma 1950 zuwa 1951. Alhazan da suka tafi a ƙasa, ta Cadi da Sudan, wasu suka yi shekaru a hanya suna noman auduga don neman guzuri, su suka kawo irinsa. Gidan da ya sami wannan ya sami shaidar hajjin kakansa.

Kafin a ce za a fara tarawa, akwai maganar haƙƙi, kuma ba ƙarama ba ce. Waɗannan kuɗi dukiyar mamaci ne, suna cikin abin da ake rabawa. Ba daidai ba ne babban wa ya zura su aljihu don yana ganin tarkace ne, ballantana in ya san akwai azurfa ciki. Kuma sau da yawa ƙullin na mace ne, na inna ko kaka, daga kayan ɗakinta ko adashinta, don haka 'ya'yanta mata na da rabonsu cikakke. Shawarata ita ce magada su zauna, a ƙiyasta kuɗin azurfar da farashin ranar, wanda ke son riƙewa ya biya sauran rabonsu, ko kuwa duka su yarda a bar su wuri ɗaya amana a hannun mutum guda, a rubuta, a sa shaidu. In azurfar na da yawa, a tuna da zakka: nisabinta dirhami 200 ne, wanda malamai ke ƙiyastawa kusan giram 595, wato liyari 26 ko dalar Faransa 27 sun kai. Wadda mace ke ratayawa a wuya don ado hukuncinta daban ne a mazhabar Malikiyya. A je wa malami da bayani dalla-dalla, ya yanke.

In an gama da wannan, aikin farko ba ya buƙatar ko dala. Kaye ɗaya na 'yan lakwal, da fensir, da tabarma a gaban tsoho. Ka ba kowane ƙarfe lamba. Ka rubuta abin da ke jikinsa yadda yake, shekara, ƙima, hoton da ka gani, ko da ba ka iya karanta harshen ba, kwaikwayi haruffan. Ka ɗora takarda a kansa ka goga fensir a hankali, siffarsa za ta fito, fuska da baya. Mai salula ya ɗauki hoto a inuwa mai haske. Sannan ka yi tambaya, kuma ka yi ta da ladabi da haƙuri: Kaka, wa ya kawo wannan? Daga ina? Kina da aure lokacin ko kina gida? Wane sarki ke kan gado? Kafin yunwa ne ko bayanta? Me kwabo ke saye a kasuwa a lokacin? Ka rubuta amsar da kalmominta, ka sa sunanta da ranar da ta faɗa. In ta ce ba ta sani ba, rubuta cewa ba a sani ba, kada ka cike gurbin da ƙirƙira. Wani Bafaranshe, Marc-Henri Piault, ya zauna da tsofaffin Arewa ya ji daga bakinsu, ya fitar da littafin tarihin Mawri, wato mutanen Arewa, a 1970. In baƙo ya iya wannan zama, ɗan gida ya fi shi hanya.

Sai babban gargaɗi, wanda nake roƙon iyayenmu mata su ji da kyau, domin su ne masu son ganin abu na walƙiya. Kada a wanke. Kada a sa toka, ko lemun tsami, ko tsamiya, ko rairayi, ko soson ƙarfe. Baƙin da ke jikin tsohon kuɗi ba dauɗa ba ce, shekaru ne suka yi masa riga, kuma masu sayen irinsa suna rage farashi ƙwarai in suka ga an goge, don gogewa na cinye zanen ta bar ƙuje-ƙujen da ba sa gyaruwa. In laka ce ta manne, a jiƙa a ruwa mai tsabta, a ɗauraye, a shanya a kan tsumma mai laushi har ya bushe sarai. In aka ga wani na fitar da kore mai gari-gari, a ware shi daga sauran. A riƙa kama kuɗin ta gefe, don gumin yatsa na barin tabo. Kowane ɗaya a naɗe shi a 'yar takarda mai lambarsa, kada a zuba su tare suna gugar juna, kada a ɗaure cikin leda mai tara gumi, kada a bar su a gwangwanin da ke tsatsa da damina. Wanda aka riga aka huda ko aka liƙa wa kunne don a yi abin wuya, a bar shi haka nan. Farashinsa ya ragu a wurin masu saye, amma hujin shaida ne cewa wata ta yi kwalliya da shi.

Daga nan, wanda abin ya shiga ransa sai ya zaɓi layi ɗaya ya bi. Wani ya ce zai haɗa kwabo mai huji na kowane sarki, daga Edward na Bakwai zuwa Sarauniya Elizabeth. Wani ya ce dala biyar zai bi, shekara bayan shekara, daga canjin da ke shigowa hannunsa kullum. Mai tebur da mai shayi sun fi kowa samun wannan dama. Tamma ɗaya ta BCEAO ma yanzu sai an tona kafin a gan ta, kuma yaran da aka haifa bayan faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 da yawa ba su taɓa riƙe ta ba. In kana da biyu iri ɗaya, yi musaya da aboki. Amma na gado a ware su daban, kada a cakuɗa da na saye, domin su ne masu labari.

Masu zamba iri biyu ne, ku san su. Na farko yana zuwa ta WhatsApp ko Facebook da hoton kwabo, ya ce ana nemansa a ƙasar waje a kan miliyoyi, wai akwai wani sinadari a cikinsa. In ka nuna kana da shi, sai ya ce ka fara turo kuɗin gwaji ko na rajista. Babu wani sinadari, kuma mai saye na gaskiya ba ya neman kuɗi wurin mai sayarwa. Na biyu shi ne mai zuwa ƙofar gida da fara'a, ya zazzage ƙullin, ya taɓe baki ya ce duk ƙarfen banza ne amma zai taimaka ya kwashe a dunƙule, alhali idonsa na kan dala biyun da ke ciki. In talauci ya matsa dole sai an sayar, kuma wannan ba abin kunya ba ne, to a ware na azurfa, a auna su a ma'aunin maƙeri gaban idonka, a tambayi farashin giram wurin mutum biyu ko uku, a ɗaya-ɗaya a sayar. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, don haka in ya kama dalarka jabu ce. Amma rashin kamawa kaɗai bai isa shaida ba, sai an haɗa da nauyi. Kuma kafin ta bar gida a ɗauki siffarta a rubuta labarinta.

Abin da aka gada daban, abin da aka tono daban. In garma ta buɗe tukunyar wuri ko kuɗi a kufai, a bar ta inda take a sanar da maigari da hukuma. Ƙasarmu Nijar na da doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 da ke kare kayan tarihi. Mun ga abin da ya sami Bura a yankin Tera, inda aka gano kayan mutanen da a 1975, masani Boubé Gado ya yi haƙa ta ilimi a 1983, sannan masu tonon dare suka bi wuraren suka farfashe suka sayar wa 'yan waje. Kada mu yi wa kufan Arewa haka.

Kirana na ƙarshe ga shugabannin makarantu ne da hukumar garin Dumega. A Yamai akwai gidan tarihi na Boubou Hama tun 1959, a Dakar BCEAO na da gidan adana kuɗaɗe, amma yaronmu na firamare ba zai je ko ɗaya ba. Kabad guda mai gilashi da makulli ya isa. A nemi gidaje su ba da aro, ba kyauta ba, a ba su takardar shaida, a rubuta sunan gidan da labarin kowane kuɗi a gefensa, da Hausa da Faransanci. Malamin tarihi ya ba 'yan aji aikin hutu, kowa ya je ya tambayi tsohon gidansu ya kawo shafi ɗaya. Tsofaffin da suka yi ciniki da anini da tamma a hannunsu yau sun haura saba'in, saboda haka a fara a hutun nan mai zuwa.

Nan muka kawo ƙarshen sharhinmu na yau. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalamu alaikum.